Tambaya da Amsa: Itace ɗaya ne a gindin dutse da ƙololuwarsa?

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Baba malamin daji. Ni kafinta ne a Jekadafari, cikin garin Gombe. Ƙanena da ke karatu a Ostiriya ya hau ɗaya daga cikin duwatsun Alfs, ya turo min hotuna ta WhatsApp. A gindin dutsen itatuwan dogaye ne santala-santala masu tsinin kai. Da ya ƙara hawa sai suka gajarta suka tsuke, can sama kuma duk sun kwanta sun karkace. Ya ce duk iri ɗaya ne, wai sifurus. Na ce bai san itace ba. Wa ya fi gaskiya a cikinmu?

AMSA: Wa alaikumus salam, ɗana. Ƙanenka ya fi ka gaskiya, sai ka tanadi goron ban haƙuri. Amma kada ka miƙa wuya gaba ɗaya. A waɗannan duwatsu akwai wani gajeren itacen fayin, mai ganye kamar allura, da shi ma a kwance yake rayuwa can sama, saboda haka wasu daga cikin na hoton ƙarshe suna iya zama shi ne. Sauran kuwa sifurus ne, itacen ƙasashen sanyi ɗan'uwan fayin, kuma iri ɗaya.

Bari in fara da abin da ka sani. Ka buga ƙusa a jikin dogonyaro daidai ƙirjinka, ka dawo bayan shekara goma. Ƙusar tana nan daidai ƙirjinka, sai dai itacen ya haɗiye ta. Itace ba ya miƙewa daga ƙasa. Ta toho na can sama yake ƙara tsawo, kauri kuma daga wata siririyar fata da ke ƙarƙashin ɓawo yake zuwa. Ayyuka biyu ne daban, kuma ba tafiyarsu ɗaya ba. A nan duk amsar tambayarka take.

Sifurus yana da tsari fiye da itatuwanmu. Kowace shekara tohon saman yakan miƙe sau ɗaya, ya bar zagayen rassa a inda ya tsaya bara. Idan itacen yaro ne, kana iya ƙirga zagayen rassan ka kusan sanin shekarunsa ba tare da ka sa zarto ba. Wannan toho na sama yana sakin wani sinadari da ake kira oksin, wanda ke gangarowa ya hana rassan gefe ɗaga kai su yi gasa da shi. Rassan ƙasa sun daɗe suna tsawo, na sama jiya suka fito, shi ya sa ka ga gindi da faɗi, kai da tsini. In ƙanƙara ko ƙwaro ya karya tohon, sai wani reshe na kusa ya miƙe ya karɓi ragama, amma ɗan lanƙwasar da ya yi tana nan a cikin katakon har ranar da za a tsaga shi.

Farkon rayuwarsa a hankali yake tafiya. Wanda ya tsiro a inuwar manya yana iya yin shekaru gommai bai kai tsawon mutum ba, kansa a baje, yana baza rassa gefe don ya tari ɗan hasken da ke ratsowa. Ranar da babban da ke kansa ya faɗi, sai ya zabura. Daga nan tsere ne na neman rana: tsawo ake yi, kauri ya jira. Idan ya manyanta sai tsawon ya ja baya, kaurin ya ci gaba, tsinin kan ya dakushe. A ƙasa mai kyau yakan kai mita 40 zuwa 50, akwai ma wanda aka auna a Sulobeniya ya haura mita 60.

Kaurin nan ba ado ba ne. Wani masani ɗan Amurka, Thomas McMahon, ya nuna a 1973 cewa in tsawon itace ya ninka biyu, kaurin gindinsa sai ya kusan ninka uku kafin ya iya ɗaukar nauyin kansa bai lanƙwashe ba. Iska ma tana da hannu: itacen da take kaɗawa kullum yakan rage tsawo ya zuba ƙarfinsa a gindi. Mu ma'aikatan daji muna da lissafin da muke yi. Mu auna kauri a mita 1.3 daga ƙasa, mu raba tsawon da shi. Itace mai tsawon mita 24, wato santimita 2,400, da kaurin santimita 30 ya ba ka 80. In lissafin sifurus ya wuce haka da yawa, to ya yi siririn da guguwa ko nauyin ƙanƙara za su iya karya shi. Ba sai ka je Turai ka ga wannan ba. Ka shiga dajin Kanawa a hanyar Dadin Kowa, ka dubi itacen da ke tsakiyar cunkoso, ka dubi ɗan'uwansa da ke tsaye shi kaɗai a fili. Na tsakiya dogo ne siriri, rassansa na ƙasa sun mutu don rashin haske, kuma irinsa ne ke ba ku katako marar ƙulli.

To, sai dutse. Duk mita 1,000 da ka hau, zafi yakan ragu da kusan digiri 6 da rabi. Can sama lokacin girma bai fi wata uku a shekara ba. Abin da itacen zai ƙara a shekara ya zama kaɗan, layukan cikin katakonsa su matsu da juna. Rassansa gajeru ne masu rataya ƙasa, don dusar ƙanƙara ta zame kada ta taru ta ɓalle su. A duwatsun Alfs daji yakan ƙare a wajen mita 2,000, ya danganta da wuri. Daga nan sama, iskar hunturu mai ɗauke da tsakuwar ƙanƙara tana goge duk tohon da ya leƙo saman dusar, wanda dusar ta rufe kuwa ya tsira. Shekara bayan shekara ana yi masa wannan aski, har itacen da ya kamata ya yi mita 40 ya koma kamar sabara a bakin gona. Wanda ya samu ya ɗan miƙe, za ka ga rassansa duk a gefe ɗaya, gefen da iska ba ta bugu. Reshen da ya daɗe kwance a ƙasa yakan yi saiwa ya zama sabon gindi. A dutsen Fulufjället na Suwidin akwai sifurus mai tsawon mita 5 kacal, wanda aka ƙiyasta saiwarsa ta kai shekara 9,500, ko da yake gangar jikin da ake gani yau ba ta kai ko kusa da haka ba.

A matsayinka na kafinta, abu biyu za su yi maka amfani. Katakon sifurus na kan dutse mai matsattsun layuka ba shi da nauyi kuma yana da amo, shi ya sa masu ƙera gogen Turawa da fiyano har yau suke neman na kwarin Fiemme a arewacin Italiya. Na biyu, itacen da ya girma a karkace yakan tara wani katako ja-ja mai tauri a gefen da ya jingina. In ka gan shi a falanki, kada taurin ya ruɗe ka. Yana bushewa zai murɗe ya ɓata maka ƙofa.

TAMBAYA: Baba, ni malama ce a Kaltungo. Ɗalibaina sun ce tunda Tula akwai sanyi, me zai hana a dasa sifurus a can?

AMSA: 'Yata, ki gaishe min da su, tambayar ta yi. Sanyin Tula na hunturu ne na 'yan makonni. Sifurus yana buƙatar watanni na sanyi mai daskarar da ruwa, tohonsa ya yi barci, sannan ya farka daidai. Ko Chappal Waddi a Taraba, dutse mafi tsawo a Najeriya mai mita 2,419, dusar ƙanƙara ba ta sauka a kansa. Masu ganye kamar allura da ake gani a Jos da Mambila fayin ne na ƙasashe masu zafi, da aka kawo aka dasa. In aikin makaranta kuke so, ku dasa maɗaci goma a cunkushe, ɗaya kuma shi kaɗai a nesa, a kare su daga awaki. Kowane zangon karatu yara su auna tsawo da kauri su rubuta a littafi, ajin da ya biyo baya ya ɗora daga inda suka tsaya.