Wai ana cin abinci da binciken wasan gem?

Tambaya: Malam barka da aiki, daga Garin Malam nike a nan Damagaram, na samu bak bana. Kullum muna fada muna buga Free Fire da PUBG, wai da gaske akwai masu cin abinci da binciken wasannin nan? Baba ya ce ɓata lokaci ne.

Amsa: Ƙanena akwai su, amma fa ba bugawa ake biyansu ba, nazarin masu bugawa ne: me ke sa mutum ya dawo gobe, me ke sa ya goge wasan, a kan me yake kashe kuɗinshi, sai su ba kamfani shawara. A 2001 wani masanin tattalin arziki, Edward Castronova, ya auna tattalin arzikin cikin wasan intanet na EverQuest kamar wata ƙasa, a 2007 masu kamfanin wasan EVE Online suka ɗauki masanin tattalin arziki takanas don ya sa ido a kasuwar cikin wasan.

To abin na son lissafi sosai da Ingilishi, Faransanci kaɗai ba zai kai ka ba, kuma kamfanonin yawancinsu suna waje. Shiga jami'ar André Salifou ta Damagaram, ka koyi ƙididdiga da Python, wato yaren rubuta manhajar kwamfuta. Ka fara da fadarku, ka riƙa rubutawa a littafi wa ya daina wasa, don me, kuɗin data ne ko rezo. Littafin nan za ka nuna wa Baba.