Kada garin neman gira a rasa ido: amsa ga mai tambaya daga ƙasar Ringim

Wata malama daga wani ƙauye a ƙasar Ringim ta aiko da tambaya mai rassa biyu. Tana riƙon 'yar yayarta, budurwa 'yar shekara 17, wadda tun da ta fara ƙirgar dangi nononta na hagu ya ƙi bin na dama. Ɗaya ya cika, ɗaya ya tsaya inda ya fara. An sa ranar aurenta bayan kaka, ga yarinya ta daina bin tsaranta rijiya, ko a ɗaki ba ta cire hijabi. Da malamar ta ce za ta kai ta Kano a ji ko ana gyarawa, sai kakar yarinyar ta ce, "Kada garin neman gira a rasa ido." Malamar tana so ta ji ma'anar karin maganar, da ko ta hana a je. Sannan tana jin ana cewa "tiyatar kwaskwarima" a rediyo, shin sunan abin da suke nema ke nan?

Malama, Allah ya saka miki da alheri kan riƙon zumunci. Bari in fara da maganar tsohuwa.

Gira ado ce, ido kuwa da shi ake gani, kuma tazarar da ke tsakaninsu ba ta wuce faɗin yatsa ba. A nan hikimar take. Mai gyara gira da reza ko tsinke, in hannunsa ya goce, idon zai samu. Shi ya sa wasu ke cewa "garin gyaran gira". Ana faɗa wa wanda zai jefa babban abu cikin haɗari saboda ƙarami, kamar manomin da ya jinginar da gonarsa don ya yi bikin nuna isa. Lura da kalmar "garin". Ba ta nufin birni ko ƙauye a nan, tana nufin "wajen" ko "a ƙoƙarin", kamar a ce garin sauri na zubar da miya. Ke nan karin maganar tana gargaɗi kan yadda za a yi abu da hannun da zai yi shi. Ba ta ce kada a gyara ba. Bahaushen da ya yi ta shi ne kuma ya ce gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Ni a ganina tsohuwa ta yi gaskiya, sai dai wanda ya kamata a faɗa wa maganar daban ne: mai tallar man ƙara girman nono a kasuwar ƙauye, da mai allura a bayan kemis. Babu man shafawa ko tsimi da zai girmar da nono ɗaya ya bar ɗaya. Can ne ake rasa ido.

Kwaskwarima kuwa, asalinta gyaran fuska ne da ake yi wa tsohon abu don ya yi kyan gani, kamar a wanke tsohuwar riga a kai ta wurin mabuga, ko a yi wa keke fenti kafin ranar kasuwa. Akwai ƙamshin ɓoye aibi a cikinta, shi ya sa ba na son a liƙa wa yarinyar nan ita. Abin da take nema gyaran halitta ne da bai kammala ba. Malaman fiƙihu ma sun raba kawar da aibi da sauya halitta don ƙawa, suna kafa hujja da Arfajatu ɗan As'ad, sahabin da aka yanke wa hanci a yaƙi, ya sa na azurfa ya yi wari, Annabi (SAW) ya umarce shi ya sa na zinariya. Ita "tiyata" aro ce daga sunan ɗakin aikin a Ingilishi. Tamu ta gida ita ce fiɗa, daga feɗe, wadda ke cikin "a feɗe biri har wutsiya". Da yake tana tuna wa mutum mahauci, a ƙauye an fi cewa "an yi mata aiki".

Tunda za ku je, ga abin da za ku iya ji daga bakin likita. Yawancin mata ɗaya ya ɗan fi ɗaya, kamar yadda yatsu ba su zo daidai ba, kuma wannan ba ciwo ba ne. In bambancin ya yi yawa, ana iya rage babban ya dawo daidai da ƙaramin, ko a ɗaga wanda ya zube. Ana iya ƙara ƙaramin da wata jaka mai silikon (wani abu mai laushi kamar roba) ko ruwan gishiri da ake sawa a ƙarƙashin nonon ko ƙarƙashin tsokar ƙirji; a birnin Houston na Amurka aka fara sa ta silikon a 1962. Jakar ba ta har abada ba ce, tana iya fashewa ko naman da ya kewaye ta ya ƙandare, a sake aiki. Ana kuma zuƙo kitse daga ciki ko cinya a zuba, amma jiki yakan shanye wani sashe, sai an maimaita. Kowanne yana barin tabo, kuma ragewa na iya taɓa jin kan nono da ruwan shayarwa. Ga wadda za ta yi aure ta haihu, wannan ne idon da tsohuwa ke ji wa tsoro, don haka a tambayi likita a kansa ƙarara. Likitoci sukan jira girma ya tsaya, wajen shekara 18 ko fiye, ciki da goyo kuma sukan sake sauya siffar. Akwai likitocin wannan fanni a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da Asibitin Ƙashi na Dala. Kafin nan, tela mace za ta iya ɗinka soso a kofi ɗaya na rigar nono, yarinya ta fita cikin tsara.

Abu ɗaya nake so ki tambayi tsohuwa, cikin ladabi: an matse wa yarinyar nan nono tana jaririya? Na ga wannan a gidanmu. Da aka haifi ƙanwata, ƙirjinta ya ɗan kumbura kamar an sa gurjiya biyu. Kullum da safe wajen wanka, ungozoma takan tsoma tsumma a ruwan zafi ta gasa, ta matse da yatsa biyu har farin ruwa ya fito, wai kada ta yi warin nono in ta girma. Kafin suna ya zagayo, ɓangare ɗaya ya yi ja ya tara ruwa, aka kira wanzami ya tsaga. Da ta isa budurci, wannan ɓangaren bai taso ba. Kumburin daga sinadaran jikin uwa yake, yakan sace da kansa cikin 'yan makonni in an ƙyale shi, amma tsagar takan lalata ƙwayar da nonon zai tsiro daga gare ta. Akwai kuma waɗanda aka haifa babu tsokar ƙirji a gefe ɗaya, da waɗanda karkacewar ƙashin baya ce ke sa a ga kamar nonon ne. Likita zai so jin tarihin.

Wani mai karatu daga Gumel ya tambayi bambancin nono da mama. Nono ya haɗa gaɓar, da ruwan, da wanda Fulani ke tallarsa da fura. Na saniya kuwa gaɓar hantsa ce. Mama ta fi kunya, ita ake faɗa a gaban manya, kuma ita ke cikin "sankarar mama". Tunda ta shigo: macen da ta girma nonuwanta daidai, sai daga baya ɗaya ya sauya, ko ta ji ƙullutu, ko kan ya lotsa, ko yana fitar da jini, nata ba zancen gira ba ne. Ta je asibiti a makon, ko da ba ya mata zafi.