Ku Tambaya Mu Amsa: Shin Battlefield Band ta yau ita ce ta jiya?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. A fadarmu ta shan shayi nan Zengou wani abokina ya kunna mana wani kiɗa a portabul ɗinsa, sai na ji kamar algaitar fadar Sarkin Damagaram, wai 'yan Sikotland ne sunansu Battlefield Band kuma tun 1969 suke. To amma da na kalli bidiyon wasunsu ko furfura babu. Su ne da gaske ko dai sunan mutane suka ɗauke? Gardama ta hana mu shan na uku.
Daga wani makaranci, unguwar Zengou, Damagaram.

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanena. Abokinka ya yi gaskiya, kai ma idonka bai ruɗe ka ba.

A birnin Gilasgo aka kafa ƙungiyar a 1969, wasu abokai ne ɗaliban jami'ar Strathclyde, cikinsu akwai Brian McNeill da Alan Reid. Sunan ma na wata unguwa ce a kudancin birnin, kamar dai samarin nan su haɗa kiɗa su ce sunanmu Birni ko Garin Malam, ita kuma unguwar ta samo sunan ne daga yaƙin Langside da aka gwabza a wurin a 1568. Abin da ka ji kamar algaita, algaitarsu ce mai jakar fata, mai busa yana cika jakar da iska yana matsa ta a hamata shi ya sa sautin ba ya yankewa, mu kuma namu mai algaitar kumatunsa ne jakarsa. Abin da ya fito da su shi ne sun haɗa wannan algaita da gogensu na gargajiya da piyanon lantarki a lokacin da ba a saba jin haka ba.

Yanzu batun mutanen. McNeill ya bar su a 1990, sai wani yaro mai goge John McCusker ya shigo yana ɗan shekara 17, ya yi shekara 11 da su. Mai algaita Mike Katz ya zo a 1997. A 2001 suka yi babban rashi, mawaƙinsu Davy Steele ya rasu, kuma a shekarar ne Alasdair White daga tsibirin Lewis ya karɓi goge, shi ma bai kai ashirin ba. Alan Reid ne ya riƙe tun daga farko har ƙarshen 2010, shekara 41 ke nan, da ya tafi ba sauran ko mutum ɗaya cikin waɗanda suka kafa.

Ni dai a wajena ba satar suna ba ce, kuma ina faɗin haka ne don na ga yadda abin yake a gida. Je ka fadar sarki ranar hawan salla ka dubi masu kakaki da masu ganga, akwai wanda ya yi wa Tanimun, Sarkin Damagaram na zamanin da, kiɗa a cikinsu? Babu. Amma ba mai ce musu baƙi, don kowanne ya tsaya bayan wani babba ya ji da kunnensa har hannu ya faɗa. Haka su ma, ba rana ɗaya aka kwashe tsofaffi aka zuba sababbi ba, McCusker ya yi kiɗa da Reid shekaru, White ya tarar da Reid da Katz, ga Robin Morton na kamfanin Temple Records da ya daɗe yana naɗar musu faifai yana kula da harkarsu. Bambancin kawai namu yawanci gado ne na jini, ɗa ya gaji uba, su kuwa duk wanda hannunsa ya iya ana jawo shi, har Sean O'Donnell ɗan Derry ta Ailan ya yi waƙa a cikinsu.

In kana son ka ji canjin da kunnenka, nemo wani kiɗansu na shekarun 1980 lokacin McNeill, ka sa shi kusa da na bayan 2011 da piyanon Reid ya fita, ku saurara ku biyu kafin ku ɗora shayi na uku.