Likita, da gaske allurar sitem sel tana warkar da ciwon taɓin hankali na sikizofireniya?

Tambaya: Salam Likita. Ƙanena shekararsa 26, shekara huɗu kenan yana shan maganin sikizofireniya, muryoyin da yake ji sun ragu amma ya yi ƙiba, kullum barci, ko magana ba ya son yi. Na ga bidiyo a Facebook wai akwai asibitin da ke yin allurar sitem sel ta sabunta ƙwaƙwalwa mutum ya warke sarai, sai dai sun ce ya fara ajiye ƙwayoyinsa. Wallahi mun gaji, mu gwada?

Amsa: Wa alaikumussalam 'yar'uwa, Allah ya ba shi lafiya, ke kuma ya saka miki. Kada ku gwada, kuma don Allah kada ya ajiye maganin nan ba da sanin likitansa ba.

Binciken da ake yi kan sitem sel kam gaskiya ne. A 2006 Shinya Yamanaka na Japan ya gano yadda za a mai da ƙwayar fata ta koma sitem sel, wato ƙwayar halitta da ke iya rikiɗa ta zama wasu irin ƙwayoyin jiki, a 2011 kuma masana a cibiyar Salk ta Amurka suka ɗauki fatar masu wannan ciwon suka mai da ita ƙwayoyin ƙwaƙwalwa a ɗakin gwaji, suka ga mahaɗar da ke tsakaninsu ta yi ƙaranci. Don a gane ciwon ne a gwada magunguna. Dashen ƙwayoyin ƙwaƙwalwa da aka soma jarrabawa a jikin mutane na ciwon Parkinson ne, mai sa karkarwar jiki, shi an san ƙwayar da ke mutuwa da gurbinta. A sikizofireniya ƙwayoyin ƙwaƙwalwar suna nan da ransu, sadarwar ce ta harɗe, to me allura za ta cike? Babu hukumar magunguna da ta amince da sitem sel a kan wannan ciwon.

Abin da ke ƙona min rai shi ne wannan "ya fara ajiye ƙwayoyinsa", kusan kullum sai na ci karo da shi. Mutum zai daina sha, sati biyu uku ka gan shi garau har ya fi walwala tunda nauyin barcin ya sake shi, 'yan gida su yi ta murna, su kuma masu tallan su ɗauki bidiyo a daidai lokacin, to bayan wata biyu ko uku sai ya daina runtsawa da dare, ya toshe tagar ɗakinsa da bargo, ya ƙi karɓar ko ruwa daga hannun mahaifiyarsa wai an sa masa guba, a lokacin kuwa lambar wayar masu tallan ba ta shiga. Wani babban nazari da mujallar Lancet ta buga a 2012 ya nuna cikin shekara ɗaya ciwon ya dawo wa kashi 64 cikin ɗari na waɗanda aka cire wa magani, masu sha kuwa kashi 27. Kuma duk dawowa tana cin wani abu, karatu ne ko aiki ko aure, wani lokacin maganin da ya karɓe shi a da ba ya sake karɓarsa kamar farko. Ita kanta allurar ba wasa ba ce, a 2017 an ruwaito mata uku a Florida da ganinsu ya lalace bayan an yi musu irinta a ido. Wanda ya ce wa mai irin wannan ciwon ya ajiye magani kafin ya duba shi, kuɗinku yake so.

Fata kuwa akwai shi. A Satumban 2024 Amurka ta amince da maganin Cobenfy, wanda ba ya toshe dofamin, wani sinadarin isar da saƙo a ƙwaƙwalwa, kamar sauran magungunan, ko da yake bai isa ko'ina ba tukuna. Akwai allurar wata-wata ga wanda shan ƙwaya ya gundura, ga maganin kulozafin idan magani iri biyu sun gaza, sai dai shi dole a riƙa gwajin jini.

Ƙibar da barcin ki kai wa likitansa su yadda kika rubuto min, ana iya rage adadin ko a canza masa zuwa wani kamar aripiprazole, a kuma auna masa suga da kitsen jini. Shirun nan ma ki ambata, yana iya zama daga ciwon, ko daga maganin, ko ciwon damuwa ne ya haɗu masa, kowanne da yadda ake bi da shi.