Tambayi Lauya: Shari'ar haraji tana ci kuwa?

Tambaya: Barista, ina aji huɗu a tsangayar shari'a ta Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Shari'ar haraji nake so, musamman cinikin kamfanoni 'yan gida ɗaya, amma Kawu ya ce a Kebbi rikicin gona da gado kaɗai ake kai wa lauya. Ya zan yi? Daga wata ɗaliba, Argungu.

Amsa: Ƙanwata, Kawu ya faɗi abin da idonsa ya gani. Manyan ƙararrakin nan a Legas da Abuja suke, ki shirya zaman can na 'yan shekaru. Amma abin da ake rigima a kai yana ƙofar gidanmu.

A ce kamfani ya sayi riɗi a kasuwanninmu, ya sayar wa uwar kamfaninsa da ke Dubai a farashin da ko dillalin Kamba ba zai ce ya sallama ba. Riba ta tsallaka teku, littafin nan gida ya nuna ba a ci komai ba, haraji ya bi ruwa. Doka ta ce a auna cinikin da wanda bare da bare za su yi. Najeriya ta fitar da ƙa'idojin wannan a 2012, ta sabunta su a 2018. A 2020 Kotun Ɗaukaka Ƙarar Haraji ta yanke hukuncin farko a fannin, tsakanin kamfanin Prime Plastichem da FIRS, hukumar tara harajin tarayya ta wancan lokaci, hukuma ce ta yi nasara. Ki nemi hukuncin ki karanta shi da biro a hannu.

Fayil ɗina na farko kwali uku ne na rasitai da takardun kwastan. Kwana biyu na yi kusa da wani dattijon akanta, yana bin layi da yatsa, yana tambayata: "A ina suka samo wannan farashin?" Har yau da wannan tambaya nake buɗe kowane fayil.

Saboda haka kada ki guji lissafi kamar yadda yawancinmu muka yi. Bayan Makarantar Lauyoyi ki nemi shaidar CITN, cibiyar ƙwararrun masana haraji ta Najeriya. A hutun nan kuwa, ki roƙi wani akanta a Birnin Kebbi ya zaunar da ke, ya nuna miki yadda ake karanta littafin riba da asara. Ki gaida min Kawu.