Hukuncin Tafiya Ƙasar Waje Domin Kallon Tseren Dawaki

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni mutum ne mai son dawaki tun ina yaro, kuma ina kiwonsu. Abokaina suna shirin zuwa Dubai kallon babban tseren da ake yi a can, daga baya kuma su wuce Ingila, wurin tseren Askot. Na ce musu ba zan yi caca ba, kallo kawai zai kai ni. Shin tafiyar ta halatta? Kuma zan iya yin ƙasaru a cikinta?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗan'uwa, Allah ya saka maka da alheri da ka tambaya kafin ka yanki tikiti.

Shi tseren dawaki a kan kansa ba abin zargi ba ne. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Abdullahi ɗan Umar cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sa an yi tsere da dawakan da aka horar daga Hafya'u zuwa Saniyyatul Wada'i, waɗanda ba a horar ba kuma daga Saniyya zuwa masallacin Banu Zuraiƙ, kuma Ibn Umar da kansa yana cikin mahayan. A hadisin Abu Huraira kuma an halatta sa kyauta a gasar raƙuma da dawaki da harbin kibiya. Don haka idan hukuma ko wani mai hali ya sa kyauta ga dokin da ya zo na ɗaya, malamai ba su yi saɓani a kan halaccinsa ba. Hadisin da ya hana ɗaura sirdi sai zuwa masallatai uku kuwa, magana yake a kan tafiyar neman lada a wani wuri na musamman, bai shafi taka ba.

Matsalar tana wurin da za ka. Kuɗin da ɗan kallo yake zubawa a kan doki, ya ce in ya ci a ninka masa, in ya faɗi ya yi asara, wannan shi ne cacar da Allah ya haɗa da giya a suratul Ma'ida, aya ta 90, ya kira ta ƙazanta daga aikin Shaiɗan. Kuma bai ce kada ku yi kawai ba, cewa ya yi ku nisance ta. Manyan tarukan nan na ƙasashen Turawa, kamar Askot da aka kafa filinsa a 1711, da tseren Kentaki na Amurka da aka fara a 1875, da na Melbon a Ostireliya, caca ce ƙashin bayansu. Kana shiga filin Askot za ka tarar da rumfunan 'yan caca jere a gaban wurin zama, kowa da allonsa yana nuna nawa za a ninka maka, masu kofunan giya suna kai da komowa, takardun waɗanda suka yi asara a warwatse a ƙasa. Tirmizi ya ruwaito cewa wanda ya yi imani da Allah da Ranar Lahira kada ya zauna a teburin da ake zagayawa da giya. Ban ga yadda mutum zai wuni cikin wannan, da kuɗinsa da zaɓinsa, ya ce ya nisanta ba. Kuma na san abokai: za a ce maka ɗan kaɗan ne, don nishaɗi. Kaɗan ɗin ma haramun ne. Saboda haka wannan ɓangaren na tafiyar ban halatta maka shi ba.

Ƙasashen Larabawa da ɗan bambanci. Gasar Saudiyya da aka fara a 2020 a filin Sarki Abdul'aziz da ke Riyad, mai kyautar dala miliyan 20, ba a buɗe rumfunan caca a filinta. Ta Dubai an fara ta a 1996, aka mayar da ita filin Maidan a 2010, ita ma ba a gina ta a kan cacar 'yan kallo ba, sai dai akwai kaɗe-kaɗe da wuraren da ake shan abin da bai halatta ba. In za ka iya samun wurin zama nesa da waɗannan, ka tsare idonka, ka yi sallolinka a kan lokaci, kada kuma ka buɗe manhajar caca a wayarka, to babu laifi ka je. In ba za ka iya ba, ka haƙura.

Sai dai ka duba aljihunka da gaskiya. Idan ba ka sauke faralin Hajji ba alhali wannan kuɗin zai kai ka, ko akwai bashi a wuyanka da lokacin biyansa ya yi, ko iyali za su shiga ƙunci, to waɗannan ne a gaba, tafiyar kallo ta jira.

Game da ƙasaru, a mazhabar Imam Malik sunna ce ga matafiyin da tafiyarsa ba ta saɓo ba ce, ba kuma ta wasa ba. Wanda ya fita domin saɓo ba ya ƙasaru, wanda ya fita domin wasa zalla kuma an karhanta masa. Hanafawa sun ba kowane matafiyi wannan sauƙin, amma ni abin da nake ba ka shi ne: in kallo kawai ya fitar da kai, ka cika sallarka. In kuwa akwai manufa ta gaske a ciki, kamar sayen doki ko koyon yadda ake horarwa da kula da lafiyarsu tunda kiwo kake yi, to tafiya ce ta halal, ka yi ƙasaru matuƙar ba ka yi niyyar zaman kwana huɗu ba. Ka kuma duba kwanan wata, domin tseren Dubai na 2024 cikin Ramadan aka yi shi, kuma sharaɗin ajiye azumi a tafiya irin na ƙasaru ne.

Wallahu a'alam.