Tambaya da Amsa: Nawa zan ce musu kuɗin wayoyin fiyano?

Tambaya: Salam Malam. Ni mai gyaran kibod da jita ne a Jos, wata makaranta ce ta kira ni wai in canza musu wayoyin tsohon fiyanonsu da ya daɗe a sito duk sun yi tsatsa, sun ce in rubuto kuɗin kaya. Ta ina zan fara?

Amsa: Wa alaikassalam ɗan'uwa. Don Allah kar ka yanka farashi sai ka buɗe shi ka ƙirga da hannunka, fiyano fa ba jita ba ce, maɓalli 88 ne amma wayoyin ciki sun kai wajen 230, don yawancin muryoyin sama waya uku-uku suke da ita.

Siraran wayoyin nan na zallar ƙarfe ba su ne matsalar ba. A naɗe ake sayar da su da nauyi, laba ɗaya ko rabin laba, kamfanoni irin su Röslau na Jamus da Mapes na Amurka ke yin su, sai dai kaurin ba ɗaya ba ne, daga lamba 13 har wajen 20 da rabi-rabi a tsakani, to sai ka bi su da maikuromita, wato na'urar auna kaurin waya, kana rubutawa KAFIN ka kwance ko ɗaya. Kowace lamba ka sa kuɗin naɗi guda ko da ba za ka cinye shi ba, yaushe wani fiyanon zai sake zuwa maka?

Masu cin kuɗin su ne kaurara na ɓangaren hagu da aka naɗe da jan ƙarfe, guda 40 da wani abu. Waɗannan sai an yi oda an ƙera su daidai da fiyanon, ka tura sunan kamfanin da ya ƙera fiyanon da lambar da ke jikin fiyanon, ko ka shimfiɗa takarda a kansu ka kwafo awon, ko ka aika tsofaffin, saboda haka kar ka bari 'yan gwangwan su gan su!

Sai kusoshin da ake ɗaure wayar ana murɗawa, kowace waya da nata, kuma sababbin kan ɗan fi na da kauri don su kama. Nan ne nake jin tsoro, hunturunmu na busar da katakon da suke ciki, in ya tsage ko ka sa sabuwar waya ba za ta riƙe sauti ba, ja ne na kusan tan 18 a kansa. Murɗa wasu ka ji, in suna juyawa sako-sako to ka gaya wa masu makarantar gaskiya tun yanzu.

Ƙara kuɗin ƙyallayen ulu na ƙarƙashin waya, da na jirgi da kwastan, ka rubuta a dala da ranar da ka yi lissafin, ka karɓi kafin alƙalami. Ladan hannunka daban, kuma ka sa zirga-zirga uku ko huɗu a ciki don sabuwar waya sai ta yi ta saki kana komawa kana saita ta.